Faranti Biyu a Ƙarƙashin Doya

Mahuta, Kaduna
Lahadi, bayan an taso daga sujada

Zuwa ga ɗana Ishaya,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangiji. Ina fata ka sauka lafiya, ka sami mutanen asibitin lafiya, gajiyar hanya kuma ta bi lafiya. Allah da ya fitar da kai daga gidan nan, ya kafa ƙafarka a inda ka je, ya tsare ka, ya tsare duk wanda za ka ɗauka a motar asibitin nan. Mamanka tana gaishe ka. Ƙannenka ma suna gaisuwa, ko da yake tun ba ka tafi ba sun fara gardama a kan wanda zai gaji katifarka.

Idan kana karanta wannan takarda, to ka kwance bakin buhun doyar da Mamanka ta ba ka. Na san lokacin da za ka ɗaga shi gobe da safe za ka ce, "Mama, wannan doya ce ko dutse?" Na kuma san za ta ce maka doyar Binuwai ce, haka take da nauyi. Kada ka riƙe ta da wannan magana. Doyar ta Binuwai ce da gaske, amma guda shida ce kawai. A ƙarƙashinta akwai farantan ƙarfen nan biyu da ka ƙi karɓa jiya, da murfi ɗaya, da gwangwanin madara cike da notina, da magagari. Da farko na so in sa takardar a can ƙasa tare da su. Mamanka ta ce in na yi haka ba za ka gan ta ba sai ka cinye doyar, kafin nan kuwa damina ta yi nisa. Ta fi ni gaskiya, kamar kullum.

Ban ji haushin dariyar da ka yi jiya ba. Ka ɗaga farantin ka juya shi ka ce, "Baba, wannan ai murfin tukunyar biki ne. In na ɗaura wa motar asibiti, Sista shugabarmu za ta ce mai tuya ta ɗauka aiki." Ni ma na yi dariya. Amma da na shiga ɗaki na buɗe kundina don in rubuta abin da ya faru, sai na ga laifin nawa ne. Na ba ka ƙarfe, ban ba ka dalili ba. Ga dalilin yanzu. Yana da tsawo, ka yi haƙuri, ka san ubanka ba ya iya gajarta magana in ya sami biro.

Na san ka san tukunyar aksul, ƙullin nan mai kama da tulu da ke jikin aksul, wato sandar da ke haɗa tayoyi, na gaba da na baya, wanda makanikai ke kira difarensha. A cikinta haƙoran ƙarfe suke juyawa a cikin man giya, suna raba wa tayoyi ƙarfin inji. In ban da taya, babu abin da ya fi ta kusa da ƙasa a duk jikin mota, murfinta kuwa bai fi tiren shayi kauri ba. A kan kwalta ba wanda yake tunawa da ita. A hanyar da za ka riƙa bi bayan Kachiya, ita ce take fara gaisawa da kowane dutse. Jif ɗin nan kuma ita kaɗai asibitin yake da ita. Ka ga yadda kayan gyara suka yi wuya a ƙasar nan tun da aka shiga tsuke bakin aljihu. In haƙoran nan suka lalace, motar za ta zauna a kan duwatsu har kaji su yi ƙwai a ƙarƙashinta, kai kuma da kake cikin watannin gwaji, ba sai na faɗa maka sauran ba.

Na duba kundayena na shekarun da na yi ina aikin safiyo, ina jan jif ɗin kamfani a daji. Na sami manyan kurakurai uku a kan wannan tukunya. Zan fara da na biyu. Na farkon ya fi nauyi, zan bar shi a ƙasa kamar yadda Mamanka ta shirya buhun.

Kana ɗan shekara uku, muna aiki wajen Kachiya, na yanke shawara cewa babu dutsen da zai ƙara taɓa tukunyar motata. Na samo guntun ƙarfen tsohon tankin ruwa, mai kauri kamar gaɓar yatsa, na sa aka yanka shi murabba'i, aka rataye shi a ƙarƙashin tukunyar gaba. Na bar masa tazarar yatsu huɗu, wai don in dutse ya buge shi kada ya taɓa murfin. Na rubuta a kundi: "Yau na gama da matsalar dutse." Har na ja layi a ƙarƙashi.

A makon nan ne ogana ya ba da aron motar don a kai matan zumunta na cocinmu taro a wani ƙauye. Su tara ne, kowacce da sabon zanen anko, da tulun kiɗa, da ƙullin abinci. Shugabarsu Mama Laraba ta zauna a gaba kusa da ni, mace mai jiki da murya. Hanyar ta manyan motocin katako ce. Sun haƙe ta ramuka biyu dogaye, tsakiya ta tashi kamar kunyar doya. Na sa tayoyina a cikin ramukan kamar yadda kowa yake yi. Suna cikin waƙa sai na ji motar tana jan ƙasa. Farantina ya zama garma. Ya yi ta tara laka a gabansa har motar ta hau tudun ta zauna. Na sa giyar taimako, tayoyi huɗu suna ta juyawa, ba mai taɓa ƙasa da kyau. Kunkuru a kan turmi.

Mama Laraba ta dube ni ta ce, "Ɗana, mun iso ne?"

Na ce, "Tukuna, Mama."

"To me ya sa ka yi fakin?"

A nan na ƙara kuskure a kan kuskure. Na ce, "Ina ga nauyi ne ya yi yawa."

Waƙa ta tsaya cak. Wata daga baya ta ce, "Nauyin wa?" Mama Laraba ta ce, "Ku bar shi, da ni yake. Ku sauko mu rage wa ɗan boko nauyi." Suka sauko duka, motar ba ta motsa ba. Ta leƙa ƙarƙashi, ta ga abin da na ɗaura, ta ce, "Wannan fa? Noma muka zo yi?" Sai da muka aro fartanya biyu a wata gona, muka haƙe tudun, muka cusa itace a ƙarƙashin tayoyi. Suka tura suna waƙa, tayoyin baya suka watsa musu jar laka daga ɗankwali har ƙafa. Haka suka shiga taron, matan wasu ƙauyuka tsaf tsaf, namu kamar an tono su. Da aka zo addu'o'i, Mama Laraba ta miƙe a gaban jama'a ta ce a sa direbansu a addu'a, Allah ya ba shi hikima daidai da ƙoƙarinsa. Amin ɗin da aka amsa, har yau ina jin sa.

Ga abin da na koya. Garkuwar da ta sauko ƙasa ta fi rashinta sharri. Faranti ya rungumi tukunya, kada ya ci maka tsawon da Allah ya ba motar. Bakinsa na gaba ya lanƙwasa sama kamar gaban kwalekwale, don ya zame a kan dutse maimakon ya kama shi. Haka na sa aka yi naka, ka duba ka gani. In ka sami hanyar manyan motoci, kada ka zuba tayoyinka duka a ramukansu, su ƙafafunsu sun fi naka tsawo. Ɗora ɓangare ɗaya a kan tudun tsakiya, ɗaya a gefe, ka tafi a hankali. In ka ga dutse ya fito, taka shi da taya, kada ka sa shi a tsakanin ƙafafunka. Tukunyar gaba a motarka ba a tsakiya take ba, ta karkata dama. Na auna ranar Laraba da ka kawo ta gida. Ka riƙe wannan a kanka kamar yadda ka san inda aljihunka yake. Sannan duk abin da ya faru, kada ka taɓa gaya wa mata tara cewa nauyi ya yi yawa.

Kuskure na uku na yi shi bayan mun dawo Kaduna, lokacin da muke auna filaye wajen Rido, tun ba a gama gina matatar mai ba. A lokacin na san Malam Inuwa mai walda na Unguwar Mu'azu, wanda ya yi maka waɗannan farantan. Na je masa da zane a takarda, da awo, da kibiyoyi. Wannan karon farantin ya rungumi tukunya, bakinsa ya lanƙwasa, komai daidai. Na ce ya liƙe shi da walda ko'ina, kada ya bar ko ƙofar allura, don ruwa da laka kada su shiga.

Ya ɗaga tabaransa na walda ya ce, "Akawu," haka yake kirana har yau, "gidan da ba rariya, in an yi ruwa ina zai bi?"

Na ce ai ruwan ba zai shiga ba balle ya nemi hanyar fita.

Ya ce, "To ranar da za ka canja mai fa? Notin zubarwa yana ciki."

Ban yi tunanin wannan ba, amma takardar tana hannuna, almajiran sana'arsa suna kallo. Na ce, "In ranar ta zo, za mu san yadda za a yi." Ya ce, "Motarka ce, ni wutata kawai zan kunna."

Daminar nan na ji daɗina. Ina jin dutse ya bugi farantin, ƙwal, sai in yi murmushi. Na daina rage gudu a inda ya kamata, na daina leƙawa, tunda ko na leƙa ba abin da zan gani sai farantin. Akwai wani rafi da nake tsallakewa kullum. Ina zuwa da gudu, aksul da zafi, in faɗa ruwan sanyi kai tsaye. Ban san cewa tukunya mai zafi in ta shiga ruwan sanyi, iskar cikinta tana tsukewa ta zuƙo ruwa ta ɗan hancin numfashin da ke samanta ba. Wajen ƙarshen damina motar ta fara gurnani daga ƙasa. Na rubuta: "Wataƙila taya ce." Washegari na rubuta: "Wataƙila ba taya ba ce." Kwana biyar ina rubuta wataƙila kafin in koma Unguwar Mu'azu.

Malam Inuwa ya yanke farantin da wuta. Abin da ya faɗo ya kai bulo biyu na busasshiyar laka da ciyawa. Ruwa ya sami hanyar shiga ta sama, bai sami ta fita ba. A cikin lakar har da ƙwayar masara da ta tsiro, fara sol. Ya ɗaga ta ya nuna wa maƙwabtansa ya ce, "Ku zo ku ga gonar Akawu." Da ya kwance notin zubarwa, man da ya fito ba baƙi ba ne, fari ne mai kauri kamar kunun gyaɗa. Ya tara a gwangwani ya miƙo mini ya ce, "Saura suga." Haƙoran ciki duk sun ci tsatsa sun farfashe a baki.

Motar ta daɗe a ajiye kafin a sami kayanta. Ogana bai kore ni ba, mutumin kirki ne. Ya ce tunda ina son rubutu haka, ga tebur a sito. Kun taso kuna jin cewa ni na zaɓi barin daji saboda ciwon baya. Bayan nawa ya yi ciwo, amma daga baya ne. Daga wannan teburin na koma siton masaƙa a Kakuri, inda nake har yau. Ban yi da-na-sani ba, aikin ya ciyar da ku. Na dai ga ya kamata ka san ta ƙofar da na shiga.

Saboda haka naka farantan da noti ake ɗaura su, ba da walda ba. Akwai ramuka uku a ƙasan kowanne, biyu na fitar laka, ɗaya babba daidai notin zubar da mai. Malam Inuwa ya yi wa kawunan notinan ɗan zobe don kada dutse ya aske su. Na rubuta G a kan na gaba da B a kan na baya da farin fenti. Bayan tafiyarka ta farko ka sake bin su da sufana, sabon ɗauri yana saki. Duk Asabar ka sa sanda ka zaƙulo lakar da ta maƙale, ka wanke. Ka buɗe notin zuba mai ka sa ɗan yatsanka. In ka taɓo mai, lafiya. In ba ka taɓo ba, ƙara. In ya fito fari, zubar da shi ranar, kada ka jira gobe. Ɗan hancin numfashin nan, ka riƙa juya hularsa da yatsa ka tabbata bai toshe ba. In ka zo rafi bayan doguwar tafiya, kashe mota, sauko, ka ci gyaɗarka, ka gaisa da masu wanki, ka tambaye su inda mota ta bi jiya. Kafin ka gama aksul ya huce, ka kuma san hanya. Mai tafiya a ƙasa ya fi direba sanin ramin da ke cikin ruwa. In kuma mai sana'a ya ce maka a'a, ka saurare shi ko da takarda tana hannunka. Na kai wa Malam Inuwa zanen naka ranar Alhamis, ya duba ya ce, "Yanzu ka yarda da rariya?" Shekara nawa, bai manta ba.

To, mun zo ƙasan buhu.

Ka san labarin haihuwarka, don kakarka ba ta gajiya da ba da shi. Mamanka ta je ƙauyensu bayan Zonkwa don haihuwar fari. Naƙuda ta yi tsanani ranar Juma'a da tsakar rana, ungozoma ta ce a kai ta asibiti, aka yi sa'a ina kusa da jif ɗin kamfani. A tsakiyar hanya mota ta lalace. Ubanka ya sauka ya yi ta gudu a ƙasa neman taimako, kafin ya dawo an haife ka a gindin ɗorawa, kakarka da wata Bafulatana mai tallar nono suka karɓe ka. Shi ya sa take kiranka Ɗanhanya. A labarin nan ni ne jarumi. Duk Kirsimeti sai an yaba gudun da na yi, ni kuma in sunkuyar da kai, mutane su ce tawali'u ne.

Ga abin da ba a faɗa. Ranar Laraba kafin nan, ina zuwa gaishe su, na sauko wani gangaren dutse kusa da ƙauyen. Tayoyin baya suka zame daga kan dutsen, na ji ƙwam a ƙasa. Murfin gaba da goshi yake karɓar duka, amma na baya, dutse leɓensa na ƙasa yake kamawa ya ɓare shi kamar gwangwani. Na tsaya. Na sauka. A kundina na rubuta: "Laraba. Na ji ƙara a baya wajen gangare. Na leƙa, ban ga komai ba."

Ishaya, ban leƙa ba. Ina sanye da farin wando da na kwana biyu ina tanadinsa, na sa masa sitaci, na goge shi da dutsen guga na gawayi, don gidan surukai zan je, kuma ni ne surukin da ya yi sakandare. Ƙasan wurin ja ce, an yi yayyafi. Na zagaya motar a tsaye, na ɗan karkata kai, na bugi taya da takalmi, na koma na zauna. Da na isa, na durƙusa wa kakanka a kan tabarma mai tsabta, aka yaba ladabina, aka yaba wandon. Man giya kuwa yana ɗiga kaɗan kaɗan, Laraba, Alhamis, har Juma'a. Da muka kama hanyar asibiti, tukunyar ta bushe. Na fara jin kuka daga baya, sai ƙauri, sai tayoyin baya suka ƙame, motar ta ja ƙasa ta tsaya. Mamanka tana riƙe da ƙarfen kujera tana kiran sunan Yesu. Kakarka ta ce, "Ɗana, me ya faru?" Na ce, "Mota ce, Mama, haka take yi." Gudun da na yi, rabinsa neman taimako ne, rabinsa don kada in tsaya in dubi fuskarsu.

Allah ya yi mana jinƙai, ka zo da kukanka mai ƙarfi, Mamanka ta tashi lafiya. Amma ba wayona ba ne, ba kuma guduna ba. Da naƙudar nan ta karkata wata hanya, da farin wando ne ya jawo. Shekara ashirin ina buɗe wannan shafi ina kallon kalmar "na leƙa".

Ranar Laraba da ka kawo motar gida, ka fito cikin sabon farin yunifom ɗin da asibiti ya ba ka, maƙwabta suna ta barka. Ka yi kyau ƙwarai, na ji daɗi har zuciyata. Na ce ka zo ka ga wani abu a ƙarƙashi. Ka tsaya, ka ɗan karkata kai, ka ce, "Na gani, Baba." Ba ka gani ba. Na san wannan tsayuwar, ni na fara yin ta. Matan da za ka riƙa ɗauka daga ƙauyuka zuwa wurin Sista, da yawansu a irin halin da Mamanka take ranar nan za ka ɗauke su, kuma ba kowace hanya ce take da ɗorawa da Bafulatana a gindinta ba.

Jiya da rana bayan ka fita sallama da abokanka, na sami Mamanka a tsakar gida tana tsince shinkafa. Na zauna a kan turmi, na yi gyaran murya sau biyu, na gaya mata komai. Na shirya wa kuka, na shirya wa faɗa. Ba ta ko ɗaga kai daga faifan ba. Ta ce, "Na sani."

Na ce, "Kin sani?"

Ta ce, "Baban Ishaya, ranar Alhamis ina zaune a ƙofar gidanmu da cikina, na ga wani baƙin abu yana ɗiga a ƙarƙashin motarka, kaji suna zagaye shi. Na ce ko haka motoci suke fitsari. Sai da na ji kana yi wa Malam Inuwa dogon bayani bayan shekaru na gane ko mene ne. Wandon kuwa ni na wanke shi. Ba ko ɗigon ƙasa a gwiwa, sai na gudun Juma'a."

Na ce, "To me ya sa ba ki taɓa faɗa ba?"

Ta ce, "Kai me ya sa ba ka faɗa ba? Ni jira nake ka gama rubutawa." Ta zubar da tsakuwar da ta tsince ta ce, "Yaron nan ba zai ɗauki ƙarfe don ka auna shi sau uku ba. Gaya masa labarin wandon. Tashi ka kawo buhu."

Murfin da ke cikin buhun na baya ne. Na samo shi a kasuwar Fanteka, Malam Inuwa ya ƙara masa kauri a leɓen ƙasa, daidai inda dutse ya ɓare nawa. Ranar da za ka canja man giya ka sa shi, ka ajiye na jikin motar ya zama na ko-ta-kwana. Ka goge bakin da kyau kafin ka sa gaskit mai hana mai yoyo, ka ɗaure notinan kaɗan kaɗan, wannan gefe sannan wancan, kada ka gama ɗaya kafin ka taɓa sauran. Na auna ramukan noti na farantan sau uku, na kuma sake aunawa a kan kwalin da na zana. Duk da haka ina tsoron rami ɗaya na farantin baya zai kauce da ɗan kaɗan, shi ya sa na sa magagari. In ya kauce, ka goga, kada ka tilasta. In bai kauce ba, ka rubuto ka gaya mini, in sami abin faɗa wa Malam Inuwa.

Kada ka ɗaura komai a motar mutane ba da izini ba. Ka je wurin Sista da ladabi, ka nuna mata farantan, ka yi mata bayani. In ta yi shakka, ba ta wannan takarda ta karanta, na yarda. Mace da ke karɓar haihuwa za ta gane. Gara ta yi wa ubanka dariya da ta tsaya a gindin bishiya tana jiranka. Ka yi wannan kafin ruwa ya kankama.

Abu na ƙarshe shi ne buhun kansa. In ka juye doyar, kada ka ba kowa shi, kada ka dawo mana da shi. Naɗe shi ka ajiye a bayan kujerarka. Duk lokacin da ka ji ƙwam a ƙasa, ko kana sauri, ko mutane suna kallo, ko wace yarinya ce a gefen hanya, tsaya, shimfiɗa buhun, kwanta, ka sa ido ka sa hannu. Yunifom ɗinka zai tsira, tukunyarka ma haka. Da wani ya ba ni buhu waccan Larabar ta gangaren dutse, da a kan gadon asibiti aka haife ka, da kakarka ta rasa labarin Kirsimeti.

Yau da safe kafin mu tafi coci na buɗe tsohon kundin, na ja layi a kan "na leƙa", na rubuta a samansa "ban durƙusa ba". Da na rufe littafin na ci ƙosai bakwai.

In ka zo Kirsimeti, ba farantan zan fara dubawa ba, buhun zan ce ka miƙo mini. Ina so in gan shi ya yi baƙi, ya yi ja, ya tsufa, har Mamanka ta ce a fitar mata da shi daga gida. In na gan shi da tsabtarsa, za ka sha wata takardar da ta fi wannan tsawo.

Ubangiji ya kiyaye fitarka da shigarka. Ya daidaita maka hanya, inda kuma bai daidaita ba, ya ba ka haƙurin saukowa ka duba. Ya kai kowace mace da ka ɗauka har ƙofar asibiti, ya dawo da ita da ɗanta a baya. Ya dawo mana da kai lafiya. Amin.

Ka ci doyar da wuri, ta ƙasan ta ɗan gogu da ƙarfe.

Ni ne mahaifinka mai ƙaunarka,
Bitrus